Yadda za ka riƙe kulob ɗin unguwa kada bashi ya cinye shi bayan an ci kofi

Akwai wani kofi a shagon aski na unguwarmu nan Gombe, yana can saman kanta kusa da rediyo, ƙura ta rufe shi, kunnensa ɗaya ya karye an ɗaure da waya. Mu muka ci shi. Ni ne ma'ajin kulob ɗin a lokacin, kuma ba a cika shekara biyu da ɗaga kofin nan ba na zauna da hannuna ina rubuta sunayen masu bin mu bashi, direban bas, tela, mai kemis, mai ruwan leda, har da wata baiwar Allah da ke dafa wa yara shinkafa da wake ranar wasa. Kulob ya watse, kowa ya kama gabansa. Shi ya sa duk sanda na ga matasa a Jekadafari ko Bolari ko Pantami sun haɗa tim sun ɗinka jesi suna ta murna sai in ji kamar in ja ɗaya gefe in faɗa masa abun da ni ba wanda ya faɗa min. To yau dai na zauna zan rubuta, kuma zan jingina maganar da labarin wani kulob na Ingila, Blackburn Olympic, don ciwon da ya kashe su shi ya kashe mu, sai dai su nasu tun 1889 ne.

Blackburn garin masaƙu ne a yankin Lancashire, arewacin Ingila, garin hayaƙi da injin saƙa. Ɗan Gombe ma bai kamata yankin ya zama baƙo a kunnensa ba, don BCGA ɗin nan da muke kiran unguwa da shi sunan wata ƙungiyar Turawa ce da aka kafa a 1902 don samo wa masaƙun Lancashire auduga daga ƙasashe irin namu. A 1878 wasu ƙananan kulob guda biyu na garin, Black Star da James Street, suka haɗe suka zama Blackburn Olympic. Yaran talakawa ne, akwai masaƙa, akwai mai kaɗin zare a masana'anta, mai aikin narkar da ƙarfe, mai haɗa firam ɗin hoto, golansu yaron likitan haƙori ne, kyaftin ɗinsu Albert Warburton kuma mai gyaran famfo. A zamanin kofin FA, babban kofin ƙwallon Ingila wanda aka fara a 1871, na 'yan kudancin ƙasar ne, 'ya'yan manya da suka fito daga makarantun masu hali irin su Eton, da 'yan jami'ar Oxford, da hafsoshin soja, su ke ta karɓa-karɓa da shi, ɗan masaƙa bai taɓa ɗaga shi ba. Olympic sun fara shiga a 1880, Sheffield ta fitar da su 5-4 tun zagayen farko, da shekara ta zagayo Darwen ta sake yin waje da su.

Sai suka samu Jack Hunter, mutumin Sheffield da ya taɓa buga wa Ingila, shi ne koci kuma yana bugawa. Wasan ba ni in ba ka suka riƙe maimakon kowa ya ɗauki ƙwallo ya yi ta yanka shi kaɗai, kuma a gasar kofin 1883 Hunter ya kwashe tim ɗin kakaf zuwa Blackpool bakin teku suka yi kwanaki suna tirenin, abun da a lokacin baƙon abu ne. A wasan kusa da na ƙarshe suka lallasa Old Carthusians 4-0. Ranar 31 ga Maris 1883 a filin Kennington Oval na Landan suka haɗu a fainal da Old Etonians, kulob ɗin tsofaffin ɗaliban Eton, masu riƙe da kofin, Etonians suka fara ci, Arthur Matthews ya farke, aka shiga ƙarin lokaci Jimmy Costley ya zura ta biyu, 2-1. Karon farko kenan da kulob ɗin leburori daga arewa ya ɗauki kofin. Gari ya fito tarba, Warburton ya faɗa wa jama'a kofi ya samu gida, ba zai koma Landan ba.

Shekara shida bayan wannan ranar babu wani kulob mai suna Blackburn Olympic. Wasansu na ƙarshe da Everton ne a Satumbar 1889, aka ci su, bashi ya yi musu katutu suka rufe, filinsu wani kulob na ma'aikatan jirgin ƙasa ya karɓa. Duk abun da zan faɗa maka a ƙasa daga cikin shekara shidan nan na tsamo shi, da kuma shekara biyun tamu.

Littafi kafin jesi

Na san zai yi maka kamar ƙaramin abu amma ka sayi littafi tukunna. Na 'yan makaranta mai ganye 80 ya isa, kafin jesi, kafin ƙwallo, kafin ma a zauna ana gardamar sunan kulob. Shafin hagu abun da ya shigo, na dama abun da ya fita, kwanan wata, sunan wanda ya bayar, sunan wanda ya karɓa, ya sa hannu. Ko naira 200 ce ta ruwan leda a rubuta. Kuma mai riƙe littafi daban mai riƙe kuɗi daban, mu nan muka fara kuskure, ni ne littafi ni ne aljihu, ban ci ko kwabo ba Allah ne shaida amma ranar da lissafi ya ƙi haɗuwa ba ni da wanda zai tsaya min, kuma zargi in ya shiga tsakanin abokai ko an wanke ka tabon yana nan. In kun kai ku buɗe akawun a banki to da sunan kulob, mutum biyu ke sa hannu, alat yana zuwa wayar na uku. In ba ku kai ba a samu dattijo amintacce a unguwa wanda ba ruwansa da ƙwallo ya riƙe. Duk ƙarshen wata bayan tirenin a zauna a ƙasa nan cikin fili a karanta littafin da ƙarfi kowa na ji, a ɗauki hoton shafin a tura grup ɗin WhatsApp. Yaro in ya san inda 500 ɗinsa ta tafi wata mai zuwa ba sai an bi shi ba.

Kuɗin Alhaji

Nan ne zan daɗe, don nan ne zuciyar maganar. Kuɗin kulob iri biyu ne kuma dole ka raba su tun a littafi. Akwai wanda ke shigowa duk wata ko an ci wasa ko ba a ci ba, kamar gudummawar 'yan kulob da magoya baya. Akwai kuma wanda ke faɗowa, kyautar wani mai hali, ambulan ɗin ɗan siyasa, kuɗin kofi. Duk wani abu da za a riƙa biya a kai a kai, mota, abinci, kuɗin alƙalin wasa, daga na farkon zai fito, daidai ruwa daidai tsaki. A ce ku 40 ne kowa na ba da 500 a wata, dubu 20 kenan, to kulob ɗinku na dubu 20 ne a wata, ko da jiya wani ya ba ku rabin miliyan. Shi kuɗin da ya faɗo abun da zai daɗe ake saya da shi, ƙwallaye, raga, but, ko mafi kyau abun da zai riƙa haifar da kuɗi, kujerun roba da rumfa da za a riƙa bayarwa haya a biki da suna, ko sola ta cajin waya a bakin titi a sa yaro ɗaya ya kula.

Olympic suna da nasu uban gidan, Sydney Yates, mai masana'antar narkar da ƙarfe a garin, shi ke tallafa musu da kuɗi. Ba laifi ba ne a samu irinsa, alheri ne, amma aljihun mutum ɗaya komai zurfinsa ba zai riƙe tim sati bayan sati shekara bayan shekara ba in babu wata ƙofar. Mu namu wani dattijo ne mai harkar hatsi, mutumin kirki, duk wasan waje shi ke biyan bas, har muka saba, muka daina ma tambayar nawa ne kuɗin bas ɗin. Wata shekara kasuwa ta juya masa, ya sayi masara da tsada farashi ya faɗi, sai ya aika aka kira ni bayan Magariba. Na same shi zaune a kan darduma da carbi a hannu, ya ce "Yarona, bana fa sai haƙuri, ka ga yadda kasuwa ta koma." Na ce "Ba komai Baba, Allah ya mayar da alheri, ai ka yi mana." Na fito ina tafiya a layin ina lissafi a kaina, ranar Asabar muna da wasa a waje kuma a hannuna ko rabin kuɗin mai babu. Shi bai yi mana laifin komai ba wallahi, mu ne muka ɗora gini a kan kyauta.

Saboda haka in ka samu mai taimako ka gode masa, ka girmama shi, ka kai masa kofi har gida in an ci, amma ka roƙe shi abu ɗaya, maimakon ya riƙa biyan mota duk sati ya saya muku kujerun hayan nan sau ɗaya. Kuma ka nemi ƙanana da yawa, mai shayi, mai wankin mota, mai gidan kallo, mai sayar da kati, mutum goma masu ba da dubu ɗaiɗai sun fi mutum ɗaya mai ba da dubu goma, don ba za su karye rana ɗaya ba. Kuɗin siyasa kuwa ka san lokacinsa, yana zuwa gab da zaɓe ya ɗauke bayan zaɓe, in ka karɓa kada ka buga hoton kowa a jesi, don a cikin yaranka akwai ɗan kowace jam'iyya kuma iyayensu na kallo.

Alawus

A Ingila kafin 1885 dokar hukumar ƙwallo ta hana biyan ɗan wasa, duk da kulob ɗin arewa da yawa suna yi a ɓoye, har an kori Preston North End daga kofin FA a 1884 kan wannan zargin. A 1885 hukumar ta halatta, daga nan wasa ya koma na mai kuɗi. Olympic suka shiga biyan albashi kamar kowa, amma kuɗin tikitin ƙofarsu bai kai na maƙwabtansu Blackburn Rovers ko na Preston ba, a 1886 dole kwamiti ya zabge albashin, manyan 'yan wasansu suka fice, masu kuɗi suka kwashe su. Ka lura da wannan sosai, ɗan wasan da ba ka taɓa biya ba zai buga maka shekara biyar don unguwarsu ce, amma ranar da ka fara ba shi sannan ka rage to ka raina shi kenan a ganinsa, zai tafi kuma zai tafi da fushi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mu bayan kofi kai ya kumbura, aka ce ai yanzu mun wuce wasan unguwa, aka yanka wa kowa alawus bayan kowane wasa, sannan aka fara ɗauko 'yan haya daga wasu unguwanni, mutum uku, huɗu, har biyar a manyan wasanni. Abun da ban hango ba shi ne, yaron da ya shekara uku yana zuwa tirenin da asuba yana biyan gudummawarsa, yanzu yana zaune a benci yana kallon an miƙa wa baƙo kuɗi a gabansa. Wani daga cikinsu, ɗan baya ne mai natsuwa, ya same ni bayan wasa yana cire safa ya ce "Yaya, ni kuɗina ake ba wancan ko?" Ban samu amsa ba. Daga watan ya daina biya, cikin wata uku rabin tim sun daina, kenan kuɗin fita ya ninka na shiga ya ragu lokaci ɗaya.

In dole sai an ba yara wani abu, kuma gaskiya ya kamata a ba su don suna barin sana'arsu su zo, to kada ka yanka adadi. Ka ce in an samu wani abu a wasa, bayan an cire mota da abinci da na jinya, kashi kaza na abun da ya rage za a raba daidai, har da 'yan benci. Rana mai kyau a samu da yawa, rana mara kyau a tashi da addu'a, ba wanda zai ce yana bin kulob. 'Yan haya kuwa ni shawarata a bar su kwata-kwata, in kuma gola ya ji ciwo ba yadda za a yi to a zauna da tim a faɗa musu kafin a ɗauko, su amince da bakinsu.

Sai asusun jinya, wannan ba ya son dogon bayani. Duk abun da ya shigo a cire kashi 10 cikin 100 a ajiye daban, ba a taɓa shi don mota ko jesi ko da za a fasa wasa. Ranar da ƙafar yaro ta karye a fili, uwarsa ba za ta tambaye ka matsayinku a tebur ba. Kuma kuɗin kulob ba a sa shi a caca da sunan za a ninka, ko wa ya kawo shawarar.

Ka san girman maƙwabcinka

Babbar matsalar Olympic ba a Landan take ba, a cikin garinsu take. Blackburn Rovers sun girme su, tun 1875 aka kafa su, sun fi su magoya baya da masu zuba kuɗi. Maganar Warburton ta tabbata ta wani ɓangaren, kofi ya zauna a Blackburn har shekara uku a jere bayan nasu, 1884, 1885, 1886, amma duk a hannun Rovers. Su Olympic a 1884 sun kai wasan kusa da na ƙarshe Queen's Park ta Glasgow ta fitar da su, daga nan ba su sake kaiwa nan ba. Gari ɗaya, 'yan kallo ɗaya, mai kuɗin tikiti ɗaya a aljihu zai je inda ake cin kofi ne.

Kai ma kana da naka Rovers ɗin. Akwai manyan kulob na jiha da ke bugawa a filin Pantami, akwai makarantun ƙwallo masu kayan aiki, uwa uba akwai gidan kallo, ranar da Arsenal ko Manchester United ko Real Madrid ke wasa ko ƙaninka ba zai zo kallonka ba. Kada ka yi takara da su. Ka duba jadawalin Firimiya kafin ka sa ranar wasa, bayan La'asar ranar da ba babban wasa ta fi. Kuma ka sa a ranka tun yau mafi kyawun yaronka zai tafi, kuma ya kamata ya tafi, kai ba ka da abun da za ka ba shi. Abun yi shi ne ya tafi ta ƙofa, ka yi wa yaranka rajista a hukumar ƙwallo, ka sa a rubuta takarda tsakanin kulob da yaro da sa hannun mahaifinsa ko wansa, ta yadda in babban kulob ya zo nema za a zauna a yi magana, ko ƙwallaye goma ne da jesi saiti ɗaya ku samu, ko su zo su buga da ku wasan sada zumunta a filinku jama'a su taru. Amma dan Allah kada takardar ta zama igiyar ɗaure yaro, na ga inda aka riƙe yaro kan kuɗin da ba za a taɓa samu ba har damar ta wuce shi, wannan zalunci ne.

Wace gasa za ka shiga

A 1888 William McGregor na Aston Villa ya jagoranci kafa lig na farko, kulob 12, kowa ya san zai buga wasa 22 gida da waje, ya san ranakun, kenan ya san yaushe kuɗin ƙofa zai shigo. Aka ce kulob ɗaya daga kowane gari, a Blackburn aka ɗauki Rovers. Olympic suka faɗa wata gasar da ake kira Combination wadda ba ta da tsari, kulob su ke shirya wasanninsu da kansu, ba ta ma kai ƙarshen kakar ba ta ruguje a 1889. Kuma kada ka ɗauka shiga babban lig shi ne tsira, Accrington na cikin 12 ɗin farko, ta fita a 1893, a 1896 ta mutu.

To kai kafin ka biya kuɗin rajistar kowace gasa, kofin ciyaman ne, na sarki ne, na tunawa da wani ne, ka tambayi jadawali a rubuce, ka tambayi su wa suka shirya ta bara kuma an ba waɗanda suka ci abun da aka yi alkawari ko har yau ana ce musu su dawo gobe. Sannan ka zauna da biro, rajista, kuɗin bas sau adadin wasannin waje, abinci, ruwa, alƙalin wasa, ka lissafa kamar za ku je har fainal kuma a ci ku a fainal ɗin ku dawo hannu rabbana. In kulob zai iya biyan wannan to bisimilla. In sai an ci kofi lissafin zai haɗu to ku zauna a gida ku buga da maƙwabta, wasan da ake zuwa da ƙafa ko Keke Napep biyu.

Ni na koyi wannan ne a Kumo. Mun je wasa aka ci mu, duhu ya fara, yara sun shiga bas a gajiye ba mai magana, direba ya zare makulli ya sa a aljihu ya jingina da ƙofa ya ce "Malam, ni fa ba zan tayar ba sai na ga cikon kuɗina, na wancan satin ma ban gani ba." Gaskiyarsa ce, shi ma mai motar na jiransa. Na bi yara ɗaya bayan ɗaya da hula a hannu, wannan 200 wancan 100, koci ya cire agogonsa ya ba direba jingina, sai bayan Isha muka shigo Gombe kuma iyaye na ta kira. Yara uku ba su sake dawowa tirenin ba daga ranar, ɗaya babansa ne ya hana shi.

Satin da aka ci kofi shi ne mafi haɗari a rayuwar kulob, na faɗa da gaske. Daren kada a yanke shawarar komai, a yi murna, a zaga unguwa da kofi, a kai wa mai unguwa da dattawa su sa albarka, ambulan ɗin kuɗin kuma a ƙirga shi gaban mutum uku a rubuta a kulle. Bayan kwana bakwai in jini ya sauka sai a zauna. A fara biyan duk wanda ke bin kulob ko nawa ne, sannan asusun jinya, sannan a ba yara rabonsu sau ɗaya a faɗa musu a fili wannan na kofi ne ba na kullum ba, abun da ya rage a sayi abun da zai kawo kuɗi. Duk wanda ya miƙe a taron ya ce yanzu mun girma sai mu shiga gasar jiha, mu canza jesi, mu ɗauko wane, a ce masa ya nuna a littafi shafin da kuɗin zai riƙa fitowa duk wata.

In bashi ya riga ya shigo

Alamarsa ta farko ita ce ranar da ka ci bashi don biyan wani bashin, ko ka fara canza hanya don kada ka bi ta gaban shagon tela. Daga ranar a tsayar da duk wasan waje. Olympic sun sallami 'yan wasan albashi sun koma wasan sa kai a 1889, amma lokacin bashin ya riga ya fi ƙarfinsu, da a ce tun da albashi ya fara gagara suka yarda su ƙaramin kulob ne suka koma daidai ƙarfinsu, ina ganin da labarin ya canza. Komawa baya da wuri ba abun kunya ba ne. Ka tara tim ka karanta musu bashin duka, suna da adadi, kada ka ɓoye ko ɗaya don kare mutuncin kwamiti. In akwai wani ƙaramin kulob a maƙwabta da shi ma ke numfashi da ƙyar ku yi maganar haɗewa, fili ɗaya, ƙwallaye ɗaya, gudummawa ninki biyu, ai su Olympic ɗin ma da haɗewa aka haife su, sai dai kowa ya share bashinsa kafin a haɗu.

Sannan ka taka da ƙafarka ka je wajen kowane mai bin ku, ba waya ba, ba aike ba. Ka faɗa masa abun da za ku iya duk wata ko kaɗan ne kuma ka cika. Ka fara da mafi rauni a cikinsu, mu nan ma mun yi kuskure, mun fara da direba da mai kemis saboda su ke da murya, muka bar mai abinci a ƙarshe don ba ta taɓa zuwa ta yi mana magana ba, alhali ita ce jarinta bai fi tukunya biyu ba. Sai da muka sayar da ragar gola da ƙwallaye shida da saitin jesi, muka karɓo wa koci agogonsa, sannan ni da kyaftin muka riƙa haɗa nata daga aljihunmu, sau uku muka kai.

Ranar da na kai mata cikon na same ta tana tsince wake a faranti a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe ta na ce "Inna, ga sauran, a yafe mana jinkiri." Ta ƙirga ta ɗaure a bakin zani, ta ce "Allah ya yi albarka ɗana, ni ai na yafe tuntuni. Ina golan nan naku dogo mai cewa a ƙara masa yaji?" Na ce mata yana Kano yana koyon walda. Ta tambayi ɗan bayan nan mai natsuwa, na ce yana tuƙa Keke Napep a hanyar Dukku, wani lokacin in ya gan ni yakan tsaya ya rage min hanya.